Tayin Nemani, Tukunyar Torika

Gidan su Torika shi ne na farko idan ka sauka daga bas a bayan garin Nausori ka kama 'yar siririyar hanyar da ta ratsa unguwar, kuma wannan shi ne asalin ciwon kanta. Duk mai shiga unguwar sai ya bi ta ƙofarta, duk mai fita ma haka. Gidan katako ne mai rufin kwano, ɗaki biyu, an ɗora shi a kan dirkoki saboda ambaliyar kogin Rewa, ƙofarsa kuwa tana kallon hanya ido cikin ido. Da ta san abin da ƙofar nan za ta jawo mata, da ranar da suka zo duba gidan ba ta ce wa mijinta ya yi mata ba.

Mijin nata, Nemani, ba mashayi ba ne, ba ya duka, albashinsa na kamfanin katako kuma a hannunta yake sauka ranar da aka biya. Aibinsa ɗaya ne tak, maƙogwaro. Allah ya ba shi murya irin ta masu jan waƙa a coci, shi kuwa bai ga inda ya fi dacewa ya kashe ta ba sai lokacin da aka shimfiɗa zanen cin abinci a kan tabarma. Da zarar ya naɗe ƙafa ya hango inuwar mutum a hanya, sai ya ɗaga kai.

"A zo a ci!"

Kowa a ƙasar nan ya san tayi, kowa kuma ya san amsarsa. Ka ɗan rusuna ka ce, "An gode, na ƙoshi," ka wuce, ko da hanjinka yana kuka. Mai tayi ya fita kunya, kai ma ka fita, tukunya ta kwana lafiya. To amma unguwa ce ta mutanen da suka baro tsibiransu neman aiki, rabinsu ba su samu ba, kuma yunwar birni ba ta san kara ba. A cikin waɗanda Nemani zai kira, da wuya a rasa ɗaya ko biyu da za su cire takalmi a gindin matakala.

A faɗi gaskiya tun da wuri, Torika ba jinin marowata ba ce. A tsibirin Kadavu aka haife ta, a wani ƙauye na bakin teku, 'yar Rupeni masunci, mutumin da ba a taɓa ganin ƙofarsa a rufe da rana ba. Tana yarinya ita ce ma mai kiran mutane, don a gidansu ƙarami ke yin tayi, kuma muryarta har bakin ruwa take kaiwa. Sai dai a can tayi ba shi da tsada. Gona tana bayan gida, teku tana gaba. Idan baƙi suka ƙaru, uwarta ta ce a je a tuge wani rogon, magana ta ƙare. A Nausori kuwa ko ganyen da akuya take ci a ƙauyensu sai an sa hannu a aljihu.

Kafin aure ta yi 'yan shekaru a ɗakin girkin wata makarantar kwana a babban birni Suva, a ƙarƙashin wata mata mai zafin hannu wadda ba ta yarda da "ɗan ƙara kaɗan" ba. A can ta koyi awo. Gwangwanin kifi shi ne mudunta, ta san shinkafar da za ta ishi kai ɗaya, ta san inda ake tsayar da ruwan miya kafin ta zama wanka. A can kuma ta haɗu da Nemani, yana kawo musu guntayen katako na hura wuta, yana waƙa. Ita ta ɗauka muryar a waƙa za ta tsaya.

Yanzu ga 'ya'ya uku: Kelera mai shekara bakwai, Saki mai huɗu, da auta Ilai da bai cika biyu ba. Wa zai koya wa Torika tattali? Ranar albashi takan sayi kaza guda ta firji, ta yayyanka ta ƙanana, ta ƙulla a leda, kowace rana da ƙullinta. Ƙasusuwan ta ajiye su don miyar kabewa. Gwangwanin kifi ɗaya takan ja shi da ganyen gwaza da madarar kwakwa har ya zagaya gida. Kasuwa ba ta zuwa sai yammacin Asabar, lokacin da matan ƙauye suka ƙosa su kama motar gida, suna neman kai da sauran kayansu. Tsakiyar mako wake ne irin na Indiyawa, da gurasar da take murzawa da hannunta. Bayan gida ta jera tsofaffin tayoyi ta shuka ganyen miya da yalo a ciki. Tun ranar Asabar ta san abin da za a ci ranar Juma'a. Abin da ba ta taɓa sani ba shi ne mutum nawa za su ci.

Ga kuma tsarin zama, wanda ba ita ta ƙirƙiro shi ba. Maza da baƙi a saman zane, mata da yara a ƙasa, kusa da tukwane. Kwanon nama daga sama yake farawa ya gangaro. Kafin ya iso inda take zaune da Ilai a cinya, babu komai a ciki sai romo da albasa.

Wata Laraba ta kai Ilai awo. Malamar asibitin ta ɗora shi a sikeli, ta sauke, ta sake ɗorawa, sannan ta dubi Torika ta saman gilashi.

"Maman Kelera, yaron nan tun zuwanki na baya bai motsa ba. Me yake ci?"

"Abin da muke ci."

"Me kuke ci?"

"Rogo, ganye, kaza, kifi..."

"Kazar yake ci ko ruwan kazar? Dubi hannunsa fa. Romo ba nama ba ne, baiwar Allah. Ƙwai nake so, da tsokar kifi, da tsokar nama, a bakinsa, ba a hancinsa ba. Ku matan nan sai a yi ta koya muku girki kamar yara."

Matan da ke kan benci suka yi tsit, irin tsit ɗin da ake yi don a ji da kyau. Torika ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ita za a koya wa girki? Ta so ta ce wa malamar ta zo gidanta da magariba ta ga inda tsokar take zuwa, amma ta haɗiye. Ta goya ɗanta ta fito. A hanya ta kama damtsensa, babban yatsanta da manuninta suka zagaye shi har da saura, sai tsoro ya kama ta sosai.

Ranar ta ɓata tsarinta da hannunta. Ta fito da ƙullin kazar Lahadi, wanda ya fi kowanne tsoka, ta dafa da kabewa, ta ware a ranta cewa cinyar ta Ilai ce. Ƙamshi ya fita ta taga ya kama hanya. Nemani ya yi addu'a, ko amin ba a gama ba ya ɗaga kai.

"Kawu! A zo a ci!"

Kawu Waisea ɗan'uwan mahaifiyar Nemani ne na nesa, tsohon ɗan dako a tashar jiragen ruwa, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse, yana zaune shi kaɗai a wani ɗan ɗakin kwano a ƙarshen unguwa. Ba ya ɗaura agogo, hancinsa ya ishe shi.

"An gode, ɗana, na ƙoshi," in ji shi, yana cire silifas. "Yanzun nan na tashi daga kan abinci. Sai dai in zauna in taya ku hira."

Bayansa ga samari biyu sun dawo daga filin ƙwallon zari-ruga, gumi yana zuba, su ma aka kira su, su kuwa ko amsar ba su tsaya bayarwa ba. Torika tana kallo Nemani ya tura kwanon gaban tsohon, ya nuna cinyar da cokali.

"Ɗauki wannan, Kawu, ita ce mai laushi, saboda haƙoranka."

Ilai ya samu rogo da romo. Ya tsotsa sau biyu ya ture hannunta.

Da safe tana ƙulla wa Nemani abincin rana ta tare shi.

"Baban Kelera, mutum nawa ne a gidan nan?"

"Wace irin tambaya ce wannan da sassafe?"

"Ka dai faɗa min, ƙila na manta ne. Ni biyar na sani, biyar nake dafa wa. Jiya kuwa na ga hannu har ban san na wa da na wa ba."

"To so kike in ga kawuna yana wucewa in sunkuyar da kai kamar kare a kan ƙashi?"

"Ka sunkuyar! Ɗanka yana ramewa, an tsine min a gaban mata jiya, kai kana rabon cinya."

"Haba, Maman Kelera. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza."

"To ka ɗebi danƙon ka kai wa malamar asibiti ta ɗora a sikeli."

Ya yi dariya. Abin da ya fi ƙona mata rai da shi ke nan, ba ya faɗa, dariya yake yi.

"Ki ɗan ƙara ruwa a miyar mana, ai ke gwana ce."

"Ruwa? In na ƙara ruwan da ya fi na yanzu, sai dai ka sayo mana kwalekwale."

Ya ɗauki ƙullinsa, ya tsaya a bakin ƙofa. "Ke fa 'yar Rupeni ce. Har yau a Kadavu labarin ƙofar ubanki ake yi. Ni in bar mutane su ce 'yarsa ta zo gidana ta koyi cin ɓoye?"

Wannan ta same ta a inda yake ciwo, ya kuma san ta same ta. Ta bi bayansa da harara har ya hau bas.

Tunda baki bai yi ba, ta koma dabara. Ta matso da lokacin cin abinci gaba, hancin Kawu Waisea ya matso tare da ita. Ta ja shi baya, yara suka yi barci da yunwa kafin a zuba, tsohon kuwa yana zaune a matakala yana jira da haƙuri. Ta zabga barkono a miya, Kawu ya ci yana share gumi yana cewa rabonsa da miya mai rai irin wannan tun matarsa tana duniya, yaran ne suka kasa ci. Ta dafa wake tsura, marar ƙamshi, wanda ko ƙuda ba zai bi ba. Nemani ya kira mutane duk da haka, ya dubi kwanon, kunya ta kama shi, ya ce, "Kelera, ɗauko gwangwanin kifin nan a buɗe wa baƙi." Kifin gobe ke nan. Torika ta fita bayan gida ta tsaya a cikin tayoyinta tana huci, ta rasa wanda za ta zaga, ta zagi yalo.

Daga nan ta ce to, idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Za ta ciyar da yara da la'asar, kafin uban ya dawo. Da daddare ya kira duk Nausori idan ya ga dama, rogo da ganye zai tarar. Ranar farko ta dafa ƙwai, ta zaunar da su ukun a tsakar ɗaki, ta juya ɗauko gishiri. Kafin ta juyo Saki yana bakin ƙofa, ƙwai a hannu, ya turo ciki gaba, ya buɗe maƙogwaro sak na ubansa.

"A zo a ciii!"

Unaisi maƙwabciyarsu ce ke wucewa da 'ya'yanta uku. Ta ce an gode sun ƙoshi, amma dole ta shigo ta ga wannan yaro mai tarbiyya. Aka yanka ƙwan gida-gida. Da Nemani ya dawo ya ji labari, sai ya ɗaga Saki sama ya ɗora a wuya yana zagaya ɗaki da shi. "Jinina ne! Kun ji? Jinina ne wannan!"

Washegari Torika ta yi abin da ba ta taɓa gani an yi ba a gidan da ta tashi. Rana tana sama, ba mutuwa aka yi ba, ba cuta, ta ja ƙofa ta rufe. Ta sauke tukunya, ta fara ɓare wa Ilai kifi. Saki ya ji takun mutum a waje, ya haye kan akwati ya leƙa taga ya ja numfashi. Ta fizgo shi ƙasa, ta kama leɓɓansa biyu da yatsu ta matse har ya yi ƙara.

"Idan tukunya ta sauka, ƙofa a rufe, baki a rufe. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Ai Baba yana kira," ya ce, hawaye suna zuba.

"Baba babba ne, ya ji da kansa. Zo nan." Ta ja shi gaban Ilai, ta ɗaga siririn hannun ƙanen. "Ka ga wannan? Duk wanda ka kira, abincin Ilai yake cinyewa. Kana so ƙanenka ya ƙare?"

Saki ya daɗe yana kallon hannun. Ya girgiza kai. Ita kanta ta san maganar ta yi wa ɗan shekara huɗu nauyi, amma ta gaji, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ya kuwa tanƙwaru fiye da yadda ta nema. Daga ranar, ko ba ta ce komai ba, da ya ji ƙarar murfin tukunya zai ruga ya tura ƙofa da ƙirjinsa, ya dawo ya zauna kusa da Ilai yana kallon kowace loma har ta shige.

Abin haushin shi ne dabarar ta yi aiki. Ƙullin Litinin ya zama na Litinin. Ƙwai ya shiga bakin da aka saya dominsa. Nemani ya lura cewa miyar dare ta koma ganye zalla, ya kuma lura da kumatun autansa, bai ce komai ba, ya ci gaba da tayinsa a kan rogo. Unguwa ce ba ta yi shiru ba. A bakin famfo Unaisi takan ce, ba da kowa take ba, "Wasu gidajen an koma Turawa, sai an ƙwanƙwasa." Mata su yi dariya ƙasa-ƙasa. Torika ta cika bokitinta ta wuce, ranta yana suya. Wacce a cikinsu ta zo ta riƙe mata yaro ranar da aka ci mata fuska? Da ta koma awo, allurar sikeli ta motsa. Zuwa na gaba ta ƙara motsawa. Malamar ta ce, "Yauwa, kin ga da kika ji magana?" Torika ta ce eh.

Wata Talata da la'asar tana tsugune a baya tana juya kifi da ganye, ta ji ƙofa ta rufu da ƙarfi. Saki ya zo da gudu, fuskarsa cike da alfahari.

"Mama, wani tsoho ya tsaya da buhu a kai, yana min dariya, har ya miƙo hannu. Na rufe. Bai ci na Ilai ba."

"Yaron kirki," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. Kelera tana wajen gwajin waƙa a coci, aka ajiye mata nata. Suka ci a natse, cokula suna ƙara a kan kwanuka, aka sauke tukunya wayam, daidai da awo, ko loma ba ta yi saura ba.

Sai da ta buɗe ƙofa za ta zubar da ruwan wanke-wanke ta ga buhun a gindin matakala. Buhun gwaza ne, da wani ƙunshi na ganyen ayaba a kai, ƙamshin kyafaffen kifi yana fita daga ciki. Ba buhun ne ya tsayar da ita ba, ɗaurin bakinsa ne. Igiyar kamun kifi ce, an yi mata ƙulli mai kunne biyu. Mutum ɗaya ta sani a duniya mai ɗaure buhu haka, a kan gwiwarsa ta koyi kwance shi.

Kwanon ya faɗi daga hannunta. Ta sauka ba takalmi, ta duba tashar bas, babu kowa. Ta juyo ta kama hanyar cikin unguwa. Unaisi tana bakin famfo, kamar dama jiranta take.

"Tsohon kike nema? Ya ɗan tsaya a ƙofarki, ya ji ana cin abinci, ya ajiye kayansa ya yi gaba. Yana can wajen Kawu Waisea. Shi dai ya yi masa tayi."

Ƙofar Kawu Waisea a buɗe take, dama ba ta da sakata. Tsofaffin biyu suna zaune a kan wata tsohuwar tabarma, butar shayin ganyen lemo a tsakaninsu, babu sukari, babu madara. A kan faranti akwai guntun rogo ɗaya mai sanyi, an raba shi biyu. Torika ta gane rogon. Shi ne wanda Kawu ya naɗe a takarda daga gidanta jiya da daddare.

"Torika, kin zo?" in ji Rupeni. Ya tsufa fiye da yadda ta bar shi, gishirin teku ya bushe a ƙafafun wandonsa. "Jirgin ruwa na samu ba shiri, na ce bari in zo in ga jikokin da ban sani ba. Na ga kamar kuna da uzuri ne."

Ta durƙusa a bakin ƙofa. "Baba, don me ba ka ƙwanƙwasa ba?"

Babu fushi a fuskarsa, tunani yake yi da gaske.

"Ban taɓa ƙwanƙwasa ƙofa ba, 'yata. Ban san yadda ake yi ba."

Kawu Waisea ya tura mata farantin. "A zo a ci, Maman Kelera."

"An gode, Kawu, na ƙoshi," ta ce. Wannan karon gaskiya ce, kuma ba ta taɓa jin kunyar ƙoshi irin ta ranar ba.

Ta ɗauko su duka biyun zuwa gida. Rupeni bai ƙara tayar da maganar ba, da ma ya tayar ya yi mata faɗa ta samu abin mayarwa. Ya shafa kan Saki, yaron ya noƙe. Ya ɗaga Ilai sama, ya jijjiga shi a hannu yadda yake jin nauyin kifi.

"Kai, wannan ai ƙato ne! An ce min ba shi da jiki, ashe ƙarya ake yi. Hannunki da albarka, Torika."

Nauyin da yake yabo da ƙofar da aka rufe masa abu ɗaya ne, ita kaɗai ta san haka a ɗakin, kuma da za a mayar da ita baya ba ta san wanne za ta ajiye ba. Takaici ya cika ta, na Nemani, na malamar asibiti, na garin da ake sayar da ganye, na kanta.

Da magariba ta dafa gwazar, ta dafa kifin mahaifinta a madarar kwakwa, mai yawa, ba ta ko taɓa gwangwanin awo ba. Ta tokare ƙofa da dutse. Rupeni ya zauna a saman zane, Kawu Waisea a gefensa, Nemani yana ta rawar jiki a gaban surukinsa. Aka yi addu'a. Nemani ya miƙo hannu a ba shi kwanon kifi ya kai sama.

Torika ba ta miƙa ba. Ta ajiye kwanon a gabanta, ta zaɓi tsokar tsakiya, ta cire ƙaya, ta zuba wa Ilai. Ta zuba wa Saki, ta zuba wa Kelera. Sannan ta tura kwanon sama. Nemani ya buɗe baki, ya dubi surukinsa, ya rufe. Rupeni ya kalli 'yarsa, ya kalli kwanon autan, ya daɗe a kansa. Sai ya sa hannu ya ɗauki kan kifin da ya rage.

"Ci, jikana," ya ce da Ilai.

Ana cikin ci aka ji taku a hanya. Wani mutum ne da jakar aiki a kafaɗa, yana tafe a gajiye. Nemani ya ja numfashi, Rupeni ya ɗaga masa hannu.

"Bar wa yaro. A gidanmu ƙarami ke kira, uwarsa ce ke yi mana da, har masu kwalekwale suna jiyo ta. Saki, kai ne kusa da ƙofa. Kira bawan Allahn can."

Saki bai motsa ba. Ya juyo yana kallon uwarsa.

"Kira shi," in ji Torika. "Na ce ka kira. Akwai da yawa."

Ya tashi a hankali. Ya leƙa kwanon Ilai tukuna, sannan ya je bakin ƙofa ya tsaya, hannu ɗaya a kan leɓensa. Ya buɗe baki. Abin da ya fito ko Kelera da ke bayansa da ƙyar ta ji shi. Mutumin ya wuce abinsa bai waiwayo ba. Saki ya dawo ya zauna, ya jawo kwanon ƙanensa ya matsar da shi can jikin Ilai, ya kare da hannu.

Watanni Torika ta yi tana roƙon Allah a wuce ƙofarta ba a shigo ba. Ga shi an wuce, ga kifi ya ishi kowa har da saura, ita kuwa ta ajiye lomar farko, tana kallon hannun Saki a kan kwanon.